A Sake Shirya Sangaya? To, Ina Na Farkon Yake?

Duk lokacin da aka ce za a sake shirya wani tsohon fim da muka taso da shi, sai zaurukanmu na WhatsApp su kaure da musu. Wani daga Jidda ya rantse ko kyauta ba zai kalla ba, wata daga Landan ta ce ai 'ya'yanta ba sa iya zama gaban hoto mai dishi-dishi, gara a sabunta musu. A wannan makon zan faɗi nawa ra'ayin, kuma na san ba zai yi wa wasu sa'o'ina daɗi ba, musamman waɗanda suka sha turmutsutsun yankan tikiti a Marhaba da Plaza da El Dorado a Kano.

Masu cewa kada a taɓa tsohon fim hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma sunanta Sholay. Ramesh Sippy ya fitar da shi a 1975, da Amitabh Bachchan da Dharmendra, wanda mutanenmu suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, sai Amjad Khan a matsayin mugun nan Gabbar Singh. A 2007 Ram Gopal Varma ya ɗauko labarin ya mayar da shi birnin Mumbai, ya sa masa suna Aag, har ya ba Amitabh ɗin kujerar mugu. Fim ɗin ya faɗi warwas a kasuwa, kuma har yau Indiyawa da shi suke buga misali idan ana zancen ɓarna. Kuɗi an zuba, manyan 'yan wasa an tara. Abin da ya rasa shi ne dalili. Mai kallo yana zaune yana gwada kowace fuska da ta 1975, kuma a kowane gwaji sabon ne ke shan ƙasa.

Amma kafin mu yanke hukunci, a tuna da Mother India na 1957, fim ɗin da iyayenmu suka zubar wa hawaye ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mutane da yawa ba su san cewa shi kansa maimaici ne ba. Mehboob Khan ya fara ba da labarin a 1940 da sunan Aurat, bayan shekara 17 ya dawo ya sake shi da launi, da Nargis, a Indiyar da ta riga ta sami 'yancin kai. Da an hana shi taɓa tsohon aikinsa, da babu Mother India. Haka Don na 1978: Farhan Akhtar, ɗan ɗaya daga cikin marubutan na farkon, ya sake shi a 2006 da Shah Rukh Khan, ya murɗa ƙarshen labarin ta yadda ko wanda ya haddace tsohon sai da ya gyara zama. Har yanzu na Amitabh na fi so, amma ba zan ce na biyun ya ci amanar kowa ba.

Mu Hausawa kuwa ya kamata mu sassauta murya a wannan musu, domin masana'antarmu da aron labari ta yi rarrafe. Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa lokacin da Kasuwar Ƙofar Wambai ta cika da kaset, fina-finai nawa ne aka ɗauko daga Indiya aka sa musu riga da hula? Duk wanda ya kalli Taal ya kalli Khusufi ya san inda aka ɗebo ruwan. Ban ɗauki wannan abin kunya ba. Tatsuniyar Gizo ma kowace kaka da irin gishirin da take sa mata. Shi ya sa da Ali Nuhu ya sake shirya Mujadala a 2018 da matasa irin su Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, ban shiga sahun masu tsinuwa ba. 'Yan Kudu ma sun bi wannan hanya: Living in Bondage na 1992 ya sami ci gaba a 2019 a hannun Ramsey Nouah, aka kuma sake Glamour Girls a Netflix a 2022.

Damuwata tana wani wuri ne daban. Ba'indiyen da ya ji haushin Aag yana iya komawa gida ya kunna Sholay tangaran. A 2025 ma, da fim ɗin ya cika shekara 50, an gyara shi tsaf an nuna a Bologna ta Italiya, har da ainihin ƙarshensa da hukumar tace fina-finai ta sa aka canza a 1975, inda Thakur ke kashe Gabbar da kansa maimakon 'yan sanda su tafi da shi. Mu fa? Na gwada nuna wa yaran gidana Sangaya, fim ɗin da ya ɗaga Ali Nuhu da Fati Mohammed. Abin da na samu a YouTube kwafe ne daga kaset ɗin da ya sha zafi da ƙura: launi ya koɗe, sauti na shaƙewa, ga tambarin wanda ya ɗora ya rufe kusurwa guda. Ba su kai minti goma ba suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Idan aka sake shirya Sangaya gobe, ga yaron da aka haifa a Manchester ko Riyad sabon ne zai zama Sangaya, domin babu na farkon da zai gwada shi da shi. Kuma akwai fuskokin da babu kuɗin da zai dawo da su. Ahmed S. Nuhu ya rasu a 2007, Rabilu Musa Ibro a 2014, Hauwa Maina a 2018, Allah Ya jiƙansu. Abin da ya rage mana na wasansu yana kan zaren kaset da faifan da ke lalacewa kowace damina.

An taɓa ceto irin wannan, shi ya sa ban fid da rai ba. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓace. A 2016 aka gano shi a rumbun Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Labarin yaron da aka raba da ƙasarsa aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa, ban san labarin da ya fi dacewa da mu mazauna waje ba. Sai dai abin takaici, Jamusawa sun riga yawancinmu ganin sa da kyau. Idan akwai labarin da zan so a sake shiryawa da kayan aikin zamani, wannan ne, kuma zan so hakan ne don na farkon ya tsira, kowa na iya gwadawa.

Saboda haka sharaɗina ga masu shirya fim ɗaya ne: duk wanda zai ci kasuwa da sunan tsohon fim, ya ware wani abu daga kuɗin ya nemo asalin kaset ɗin, ya sallami masu haƙƙinsa, a wanke hoto da sauti, a sa fassara a ƙasa saboda yaranmu da Hausarsu ta yi rauni, a fitar da su tare. Tun Janairun 2024 aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda rumbun adana fina-finai na ƙasa da ke Jos yake ƙarƙashinta. Babu wanda ya fi shi sanin a hannun wa kaset ɗin asali na wancan zamani suke.

Mu ma da namu aikin. Kaset da faifan nan sun bi fatake da alhazai zuwa Nima da Sabon Zongo a Accra, da Briqueterie a Yawunde, da Makka da Khartum. Wataƙila kwafen da ya fi kowanne lafiya na wani fim ɗin yana cikin kwali a ƙarƙashin gadon wata Hajiya a Kumasi. Wanda ke da irin wannan kwali, don Allah kada ya zubar ranar tashi daga gida. Ya ɗauki hoton bangon kowane kaset, ya rubuta sunan fim ɗin da kamfanin da ya yi shi, ya aiko mana ta adireshin mujallar nan, zan jera sunayen a wannan fili a makonni masu zuwa.