Haƙƙin Yaro Bayan Mutuwar Aure a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Duk wanda ya san kudancin Jihar Katsina ya san ƙasa ce ta noma. Daga Funtuwa zuwa Bakori da Ɗanja, daga Ɗandume zuwa Ƙafur da Malumfashi, masara da dawa da auduga da waken suya su ne arzikin talaka. Saboda albarkar wannan ƙasa ne ma aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa a 1975 da taimakon Bankin Duniya. Amma a nan ɗin ne za ka iske yaro yana kwana da yunwa a ɗakin kakarsa, alhali rumbun ubansa cike yake a ƙauyen gaba, don kawai auren iyayensa ya mutu. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, duk abin da yake haƙƙin yaro, daga uba ya fito ko daga hukuma, wajibi ne ya bi yaron inda yake kwana, a kuma auna shi da ma'aunin da manomi ya sani.

Bari mu fara da bambance al'ada da shari'a. Bisa al'ada, in an saki mace sai ta koma gidansu da na goye, da zarar an yaye shi kuwa sai uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa. In ta ƙi bayarwa sai ya ce, tun da ta riƙe sai ta ciyar. To, mazhabar Malikiyya wadda kotunanmu ke bi ba haka ta tanada ba. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala da Muhtasar, sun raba reno da ciyarwa. Reno na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwa ta auri bare, renon ya koma ga mahaifiyarta da sauran danginta mata kafin ya kai ga uba. Ciyarwa kuwa, watau ci da sha da sutura, tana kan uba gwargwadon halinsa, ko a hannun wa yaron yake. Ashe ke nan uban da ya ɗora sharaɗin a ba shi ɗa kafin ya ciyar, ya haɗa abin da shari'a ta raba.

Me ya sa mata da yawa ba su neman wannan haƙƙi? Na farko kunya. Ana ganin abin fallasa ne mace ta kai uban 'ya'yanta gaban alƙali, iyayenta ma su ne za su fara cewa a bar wa Allah. Na biyu tsoro, don ta san tana buɗe baki za a ce ta kawo yaran. Sai ta yi shiru ta kama surfe da wankau, ta ɗora wa 'yarta talla, a wayi gari an yi haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Ya kamata a fahimtar da ita cewa abin da take yafewa ba nata ba ne balle ta yafe.

Ko an je kotun ma akwai sauran rina a kaba. In alƙali ya yanke wa uba naira kaza duk wata, ya ɗauke shi tamkar ma'aikaci mai albashi. Manomi kuwa sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, watau da kaka. Da damina ta faɗi, abin hannunsa ya tafi wajen taki da 'yan ƙwadago. Bugu da ƙari, naira ba ta zama wuri ɗaya. Wanda ya ga yadda farashin hatsi ya tashi bayan janye tallafin man fetur a 2023 ya san kuɗin da ya ciyar da yaro wata guda bara, ba lalle ne ya kai shi mako biyu bana ba. Saboda haka shawarata ita ce a riƙa yanke ciyarwar ɗan manomi da buhu da tiya: masara kaza, dawa kaza, a kai da kaka a gaban mai unguwa da shaidu, sa'an nan kuɗin cefane da magani da makaranta su biyo baya in an sayar da auduga ko waken suya. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin haka manomi ke fitar da zakkar amfanin gonarsa.

Sai kuma tallafin hukuma. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta fara bai wa gidaje matalauta naira 5,000 a wata, galibi ta hannun uwa. A 2020 kuma aka amince da shirin AGILE na karatun 'yan mata, Katsina na cikin jihohin farko, kuma tallafin kuɗi ga iyaye na cikin tsarinsa. Irin waɗannan shirye-shirye suna rubuta sunan mutum ɗaya ne a gida. In aure ya mutu, yarinya ta koma wani hannu, sunan yana nan inda yake, sai kuɗin ya riƙa sauka a gidan da ba ta kwana. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Lalle a buɗe hanya mai sauƙi ta sauya suna bisa shaidar shugaban makaranta da mai unguwa, don su ne suka san inda yaro yake.

Wani zai ce ai matar za ta ciyar da sabon mijinta ne da guminsa. Amsa ita ce, hatsin da aka auna daidai cikin yaro a gaban shaidu ya fi kuɗi wuyar karkatarwa. Wani kuma zai kawo uzurin manoman Faskari da Sabuwa waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, shi ya sa shari'a ta ce gwargwadon hali, kuma a nan ne dangi da zakka da hukuma za su shigo. Amma rashin wasu bai zama mafaka ga mai rumbu ba.

A ƙarshe, ya malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, Jihar Katsina ta yi dokar kare yara tun 2020, amma doka a takarda ba ta cika tukunya. Mu da ke nazarin harshe da al'ada mun san matsayin agola da ɗan bora a tatsuniyoyinmu, mun san kuma daga cikin gidajenmu aka ɗauko su. Aikinmu ne mu bayyana wa jama'a wannan hukunci da Hausar da manomi da bazawara za su gane, a rediyo da wasan kwaikwayo da makarantun Islamiyya. Saki yana raba miji da mata, amma ba a raba hanta da jini. Allah Ya sa mu dace.