Zancen Ruwa: Rijiya Ɗaya, Garuruwa Da Yawa

Birnin Damagaram bisa dutse yake zaune. Ruwan ƙarƙashinsa kaɗan ne. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka maida babban birni Yamai a 1926.

Ruwan da birni ke sha daga ƙauye yake zuwa: Gogo da Macaya a kudu, Arunguza da Ganaram a arewa. Kamfanin SPEN ke gina rijiyoyin birni. Famfunan ƙauye kuwa suna hannun ƙananan hukumomi.

Amma ruwan ƙasa bai san iyaka ba. In wani ya ja da yawa, rijiyar maƙwabci sai ta janye, garka ta bushe, garke ya kwana da ƙishirwa.

Ginin rijiyar burtsatse akwai tsada. In ƙananan hukumomi biyu suka haɗa kai, rijiya ɗaya da shato ɗaya sun ishi garuruwa da yawa. Inji ɗaya, mai gadi ɗaya, kuɗin gyara a raba. Sai tulun ruwa ya yi araha.

Sai dai a rubuta yarjejeniya gaban masu gari, a riƙa auna ruwan, kada a manta rabon makiyaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.