Leda Da Kayan Kwalliya: Kira Ga Hukumomin Birnin Kudu Da Gwaram

Duk wanda ya ratsa Birnin Kudu da rani, ko ya biya kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram bayan an watse, zai ga abin da ya kamata ya tayar wa kowa hankali. Baƙar leda ta rataye a jikin ƙaya, ta toshe magudanar ruwa, saura kuwa iska ta kai gonaki. Mahauta su ne shaida, gama sau da yawa in an farke tumbin saniya sai a tarar da dunƙulen leda. Dabba ta yi ta ramewa, mai ita yana ɗura mata maganin sammore a banza.

Wani kaso na wannan shara daga ɗakunan iyayenmu mata yake fitowa, ko da yake ba laifinsu ba ne. A da, mace takan kwaɓa lalle a ƙwarya, ta sa hannu a zunguru, ta yi wanka da sabulun salo da soson da ya yaɗu a danga, ta shafa man kaɗe. In abu ya ƙare, ƙasa ta cinye sauran. Yau kuwa sabulu da mai da garin wanki duk a 'yan ƙananan ledoji suke zuwa, mai tebur kuma ya ƙara wata ledar a kai. Abin da ke ciki ma wani lokaci ya fi ledar sharri: wasu mayukan sauya launin fata suna ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda, har Hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar ƙasa a 2023.

Amma fa kada a ɗauka duk abin da muka gada lafiyayye ne. Kwallin dutse da ake zubawa a tandu yakan ƙunshi dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Haka nan baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fata. Saboda haka a riƙe jan lalle da man kaɗe, a raba jarirai da kwalli.

To, ledar da ta riga ta shigo fa? A Ingila, tun 2021 manyan kantuna irin su Tesco suka ajiye akwatuna a bakin ƙofa domin masu sayayya su dawo da leda. A Ostareliya an yi irin wannan, amma shirin ya rushe a 2022, domin an yi ta tarawa a rumbuna babu mai narkarwa. Wato tarawa ba ita ce wahala ba, samun mai saye shi ne.

Mu nan babban kantinmu shi ne kasuwar mako. Muna kira ga Ƙananan Hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su ware fili a bakin kowace kasuwa, a sa sikeli a hannun Sarkin Kasuwa, a riƙa sayen leda da awo. 'Yan jari-bola suna sayen tsohon ƙarfe da fasasshen bokiti, amma ba su kula leda, saboda buhu guda ba ya da nauyin da zai biya wahalar tsinta. Wannan giɓin ne hukuma za ta cike da wani abu daga kuɗin rumfa, masu kamfanonin fiya wata su ma su kawo nasu, tun da ledarsu tana da yawa, kuma tana da sauƙin narkarwa. Tilas ne kafin a tara ko buhu ɗaya, Gwamnatin Jihar Jigawa ta ƙulla yarjejeniya da masana'antun roba na Kano waɗanda za su riƙa ɗauka.

Wasu za su ce a hana leda kawai, yadda Ruwanda ta yi a 2008. Mu dai a ganinmu doka ba ta yi wa mai ƙosai amfani in ba a ba ta abin ƙunshi ba. A fara da farfaɗo da kwando da jakar kaba, masu saƙa su ci kasuwa, malamai kuma su ja kunnen mata su daina hura wuta da leda, gama hayaƙin nan yaron da ke goye ne ke fara shaƙarsa.