Takardar da ba ta da suna ɓatacciya ce

Daren wata Lahadi ɗiyata, wadda ke aji 3e, ta ce mani: "Baba, mushenmu ya ce ya tura tsofaffin tambayoyin lissafi na BEPC cikin gurup ɗin iyaye, ka nemo mani." Na ɗauki salula na shiga WhatsApp. Hotuna ne jibge, kowane da suna irin IMG-20240312-WA0007, ga muryoyi, ga sanarwar ɗaurin aure, ga tallar turare. Na sauke takardu huɗu, megana na ƙarewa. Uku na SVT ne, ta huɗun ta ƴan CM2. Kafin in gama, yarinya ta yi barci da kaye a hannu.

Ni ma malami ne, saboda haka da ƴan uwana nake wannan faɗa. Malam, kai da ka zauna dare kana gyara amsoshi, ka ɗauki hotonsu ka jefa cikin jama'a ba tare da kalma ko ɗaya ba, wa ka taimaka? Bayan kwana uku saƙonni sun binne aikinka, kai kanka ba ka iya gano shi.

Maganin ba sabon abu ba ne. Tun 2007 wani Ba'amurke, Chris Messina, ya kawo shawarar sa alamar # gaban kalma a Twitter don a tara maganganu iri ɗaya wuri guda, Facebook kuma ya ɗauka a 2013. A WhatsApp ma, idan ka rubuta kalma ƙarƙashin hoto, wurin bincike zai nemo ta ko bayan shekara. Abin da bincike ba ya nemowa shi ne muryarka ta minti biyar. Darasi, aji, shekara: kalmomi uku ke nan. #lissafi #3e #BEPC2024.

Na san amsar da ake ba ni: "Mu ba sakatarori ba ne. Aji cike maƙil, ɗan kwantaragi na jiran kuɗin wata, kai kana zancen alama." Gaskiya ne, wahalar tana nan. Amma wanda ya gaji shi ya fi buƙatar kada ya yi aiki ɗaya sau biyu. Sau nawa muka sake rubuta darasin da abokin aiki a Tawa ko Madawa ya riga ya shirya, ya tura, ya ɓace? Kuma uban da ke sayen mega da kuɗin cefane, shi ne ke biyan wannan sakaci.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Takarda ɗaya, alama goma sha biyar: #Nijar #ilimi #nasara #barkadajumaa. Wannan kamar ka shiga Kasuwar Dole ta Damagaram ne ka rubuta "kaya" a jikin kowane buhu. Ka yi rubutu, amma mai neman gero sai ya kwance su duka.

Inda abin ya fi ci mani rai shi ne rubutun kansa. Wani ya sa #Zinder, wani #Damagaram. Wani #Tahoua, wani #Tawa. Wanda ya taso da Faransanci ya rubuta "chekara", na kusa da shi "shekara". Wani "maths", wani "lisafi" da s ɗaya. Na'ura ba ta san cewa abu ɗaya ake nufi ba, sai tarin ya watse gida biyar. Ga kuma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, waɗanda a wurin kwamfuta haruffa ne daban da k, d, b da y. Wanda ya bi rubutun Najeriya ya sa 'y kuwa, wannan ɗan waƙafin yana yanke alamar a Facebook.

Wasu sun ce to a zubar da haruffa masu lanƙwasa kowa ya huta. Ban yarda ba. Muna da ƙa'idar rubutun Hausa tun 1999, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Ba yanzu ne malami zai koya wa yaro cewa "ƙasa" da "kasa" ɗaya suke ba. A rubuta bayani daidai. Don alama kuwa, a zaɓi kalmar da ba ta da gardama, irin lissafi, tarihi, Hausa, Faransanci. Inda lanƙwasa ta zama dole, a sa duka biyun, #Maraɗi #Maradi.

Wannan ba ya jiran takarda daga ma'aikatar ilimi a Yamai. Zaman CAPED ɗaya ya isa malamai su tsaida jerin kalmomi kamar ashirin, mai kula da gurup ya liƙa su a sama, a karanta wa iyaye a taron COGES.

A gurup ɗin makarantarmu na fara. Duk takardar da ta shigo ba suna, ina maida wa mai ita da roƙon ya sa mata kalmomi uku. Wani dattijon abokin aiki ya yi fushi, ya ce na maida shi ɗan CI. Makon jiya shi ne ya kira ni da dare yana neman gyaran jarrabawar bara da ya tura da hannunsa.