Yaushe Za A Yi Fim Ɗin Fatake?

Yau na ajiye zancen farashin albasa da canjin naira da sefa, na zo da zancen kallo. Na san akwai dattawan da za su ce wannan ɗan rediyo ya rasa abin faɗa, to ina roƙon a yi haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, domin maganar a kasuwa za ta sauka.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Janairu na 2009 ne gidajen sinima uku da suka rage a Kamaru suka rufe ɗaya bayan ɗaya, wato Abbia a Yawunde, da Wouri a nan Duwala, da Empire a Bafusam. Haka muka zauna shekara bakwai, sai a 2016 aka buɗe Canal Olympia a Yawunde, a 2017 kuma aka buɗe na Bessengue, nan kusa da Deido. Mu da muka ɗanɗana waccan rufewa, duk inda muka ji za a haska fim a babban allo ba ma wasa da damar. A haka na samu kallon fina-finai biyu da suka tsaya mini a rai, ɗaya a Kano lokacin da na je ziyarar dangi, ɗaya kuma a wani zauren kallo a nan Duwala.

Na Kano shi ne Mai Martaba, wanda Prince Daniel Aboki ya ba da umarni, Adam A. Zango yana cikin 'yan wasan. A Daura aka ɗauke shi, kuma shi ne Nijeriya ta tura gasar Oscar ta 2025 a Amurka, ko da yake bai shiga cikin 15 da aka tace ba. Labarin wata masarauta ce ta da mai suna Jallaba, inda rikicin gadon sarauta ya tashi saboda sarki ya nufi ɗora 'yarsa a kan karaga. Gaskiya an yi aiki. Dawakai, da rawuna, da ginin ƙasa, da Hausar fada, duk sun fito fes, kuma wanda ya saba kallo a waya ba zai san nauyin ƙarar kofato ba sai ya ji ta a zaure. Na fito ina alfahari da harshena.

Amma akwai abin da ya dame ni a hanyar komawa masauki. An nuna mana cewa arzikin Jallaba daga fataucin Sahara ya zo. To ina fataken? Wanda ya ɗaure kaya a bayan raƙumi, ya bar iyali wata da watanni, ya biya kuɗin fito a kowace ƙofa, shi ne ya cika baitulmalin da ake yaƙi a kansa, amma labarin na 'yan sarki ne. Mu dai a bayan fage aka bar mu, kamar yadda aka saba.

Na biyun sunansa Mambar Pierrette, na wata 'yar Kamaru, Rosine Mbakam, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2023. Babu kalmar Hausa ko ɗaya a cikinsa. Labarin wata tela ce a nan Duwala, mai riƙon 'ya'yanta da tsohuwarta ba tare da taimakon uban yaran ba, ga lokacin komawa makaranta ya matso, kowa yana jiran ɗinkinsa. Masu kawo ɗinki suna ta taya ta ƙasa da wahalarta, ɓarayi suka tare ta suka karɓe ɗan abin da ta tara, ruwan sama ya shiga shago da gida, ta koma neman rance. Matar da ta fito a matsayin telar 'yar'uwar mai fim ɗin ce, kuma ɗinkin shi ne sana'arta ta gaskiya.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Fim ne mai tafiyar hawainiya, babu waƙa babu rawa, har na ji wani saurayi a bayana yana hamma. Amma da aka zo wurin da take kwashe ruwa daga ɗaki, zauren ya yi tsit, domin duk wanda ya yi damina a New Bell ya san wannan dare. Na tuna da wata gwaggona mai sayar da atamfa, da yadda take kwana tana lissafin zubin adashi. Abin mamaki, fim ɗin da bai ji harshena ba ya fi nuna mini gidanmu a kan wanda ya yi magana da harshen uwata.

To a nan gizo yake saƙa. Hausawa sun sauka Duwala tun zamanin Jamus, kuma fatauci ne ya kawo su. Har gobe 'yan'uwanmu ne a kan hanya, daga Mubi zuwa Garwa, daga Kuseri zuwa Ngaundare, daga kasuwar Sandaga har Kye-Ossi a bakin iyakar Gabon. Ku dubi abin da ya same su cikin 'yan shekarun nan. A 2014 rikicin Boko Haram ya tarwatsa kasuwannin Banki da Amchide da Gamboru, masu shaguna suka wayi gari a sansanin gudun hijira. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu har zuwa Disamba 2020, kaya suka lalace a mota, bashi ya raba aminai. Akwai mai kuɗin da ya koma ɗan dako, akwai yaron shagon da ya riƙe amana har ya tayar da ubangidansa. Wane labarin soyayya ne ya kai waɗannan nauyi? Amma in ka buɗe yawancin fina-finanmu, falo ne mai kujerun alfarma, da Alhajin da ba a taɓa nuna sana'arsa ba, da 'yan mata biyu suna rigima a kan saurayi ɗaya.

Kada a ce na yi rashin adalci. Shirin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya yi ƙoƙari wajen nuna talaka yadda yake, haka marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sa mun yi dariyar talaucinmu. Amma ɗan kasuwar kan iyaka, mai magana da harshe uku, mai lissafi da kuɗi iri biyu, har yanzu ban ga an ba shi fim nasa ba.

Laifin kuwa ba na 'yan fim kaɗai ba ne, mu ma da namu. Tun daga Turmin Danya a 1990, 'yan kasuwa ne suka goya wannan sana'a, musamman dillalan kaset na Ƙofar Wambai a Kano, waɗanda hajarsu ke isowa har nan New Bell. Da kaset da faifai suka mutu, sai muka koma wurin masu tura fim a waya, inda ake cika mana waya da ɗan canji, wanda ya kashe dukiyarsa ya shirya fim ɗin bai ga ko sisi ba. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin cewa hajar da ba a biya ba, ba ta sake zuwa. Mai shirya fim da ya san kuɗinsa ba za su dawo ba, ba zai ɗauko kyamara ya biyo motar albasa daga Marwa ba, gidan haya ɗaya zai kama a Kano ya ƙare komai a ciki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yaranmu. Da yawansu a nan da Faransanci suke wasa a layi, Hausar da suke ji mai tsawo ta fim ce. In abin da suke gani kullum shi ne arzikin da ba a san mafarinsa ba, kada mu yi mamaki in sun raina shagon uba.

Saboda haka kirana biyu ne. Ga 'yan fim, har da Ali Nuhu da aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2024, ku leƙo kan iyaka, labari na nan jibge. Ga 'yan'uwana 'yan kasuwa kuma, ƙungiyoyinmu da ke iya haɗa kuɗin jinya da na biki za su iya haɗa kai da marubuci mai hankali, a ba shi labarin, a sa hannun jari, in an gama a kama zaure a Duwala ko Garwa mu shiga da iyalanmu, mu biya kuɗin ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar nan ta ɗauki 'yar'uwarta tela ta kai ta har Faransa, mu me ya hana mu?

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kai matafiyanmu gida lafiya, amin.