An raba fom, muna ta tafi

Tun ranar da Ibrahim Dosara, kwamishinan yaɗa labaran Zamfara na lokacin, ya fitar da sanarwar nan a ƙarshen watan Yunin 2022, cewa mutanen Zamfara su shirya su nemi lasisin bindiga, kunnenmu bai huta da tafi ba. Ka kunna rediyo da safe, masu bugo waya suna sa wa Gwamna Matawalle albarka. Ka leƙa Facebook da dare, sojojin baka sun riga sun ci dajin Rugu da yaƙi suna shirin wucewa Sububu. A teburin mai shayi kuwa, ka kuskura ka ce kana da ja, nan take za a fara yi maka kallon infoma. Wai an zo wurin. Wai sai yanzu aka samu namiji.

Me aka yi alkawarin rabawa? Fom. Guda 500 ga kowace masarauta cikin 19, jimilla 9,500, a jihar da aka kashe mutum wajen 200 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum cikin 'yan kwanaki a Janairun 2022. Abin da ake rangaɗa wa guɗa ke nan. Ni abin da na gani a sanarwar takardar ajiye aiki ce, sai dai mai ita ya ajiye aikin ya riƙe albashi da jiniya da kuɗin tsaron da ba wanda ya taɓa ganin lissafinsu.

Saurin mantuwarmu ya fi komai ba ni haushi. Gwamnatin Matawalle ce ta zo da sulhu a 2019, aka yi ta zama da kachalloli ana ɗaukar hoto. Ita ce a 2020 ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa AK-47. Ita ce a Fabrairun 2021 ta karɓi Auwalun Daudawa, jagoran kwashe yaran Ƙanƙara, ya dafa Alƙur'ani a Gusau ya ce ya tuba. Wata uku ba su cika ba ya koma daji, can aka kashe shi. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, talaka ya ji jiki, ɓarayi suka ci gaba da harkarsu. Kowane ɗaya an tafa masa a lokacinsa, kuma da hannayen nan da ke tafi yau. A 2020 ana sayen bindiga da saniya don a rage ta a jiha, a 2022 ana raba fom don a ƙara ta. Ɗaya daga ciki dole shirme ne, kuma mutum ɗaya ne ya sa hannu a duka biyun.

Gwamna ma ba shi da ikon ba kowa ko harsashi ɗaya. Makamai suna cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa Tarayya, dokar bindigogi ta 1959 kuma ta raba abin gida uku: makamai irin na soja sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu sai Sufeto Janar, ta gargajiya da ake ɗurawa ta baki kuma Kwamishinan 'Yan Sanda. Tawadar sanarwar ba ta bushe ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, Kwamishinan 'Yan Sandan jihar kuma ya tuna wa mutane cewa an daɗe da dakatar da ba da lasisi. Lauyoyin gwamnati sun san haka tun kafin a buga fom ɗin. An buga shi ne don a ji a jarida.

A ƙaddara ma an ba da lasisin. Iyakar abin da zai sa wa manomin Dansadau a hannu shi ne mai baki biyu, in yana da kuɗinta, kuma ba shi da su, don a 2021 sai da ya biya ɓarayi haraji kafin ya girbe gonarsa. Saura harba-ka-ruga. Duk wanda bai taɓa ganin yadda ake ɗura ta ba, ya je ya gani kafin ya sake rubuta mana "a ba kowa bindiga". A tsayar da ita bakinta sama, a auna albarushi a zuba, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe, a zuba guntayen ƙarfe, a sake cusa tsumma, a sake dannawa, sannan a ɗana. Harbi ɗaya ke nan. In damina ce albarushin ya sha raɓa, sai ka ja ta yi maka shiru. Masu tahowa kuwa uku-uku ne a kan babur, kowa da AK mai cin harsashi 30, wani ma da mai jigida. Mutanen da suka kakkaɓo jirgin yaƙin soja a Yulin 2021, bayan wata guda kuma aka shiga har makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna aka kashe biyu. Su ne aka ce manomi ya tara.

Kuma a hannun wa aka damƙa rabon? Masarautu. A Afrilun 2022 gwamnatin da kanta ta tuɓe Sarkin Zurmi da na Dansadau bisa zargin hannu a harkar 'yan bindiga. Makonni uku bayan maganar fom, Sarkin 'Yandoto ya naɗa wa Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani da rana tsaka, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa ladan naira miliyan biyar a kansa, har sai da surutu ya yi yawa aka dakatar da sarkin. Ko a masarautar da sarkinta waliyyi ne, kowa ya san yadda takin gwamnati ke tafiya daga sakatariya zuwa gona, da wanda yake isa wurinsa. Fom ɗin bindiga ta wannan hanyar zai bi: ɗan hakimi, surukin kansila, direban shugaban jam'iyya, da yaran da ake ajiye wa ranar zaɓe.

Sai kuma masu kawo mana Amurka hujja, waɗanda suka ji cewa Kotun Ƙolin can ta yanke hukunci ranar 23 ga Yunin 2022 cewa mutum na da haƙƙin fita da bindiga bainar jama'a, suka ce to mu me muke jira. Madalla da wannan bincike. Wata guda kafin hukuncin, a garin Uvalde na jihar Texas, inda mallakar bindiga ke da sauƙi, wani yaro da ya cika shekara 18 ya shiga kanti ya sayi bindigoginsa bisa doka, ya je firamare ya kashe yara 19 da malamai biyu. A 2020 kaɗai sama da mutum 45,000 bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabi kuma su suka harbe kansu. Wannan ƙasa ce mai kotu da asibiti da 'yan sandan da ake kira su zo.

Abin da ba sa so a faɗa shi ne, ko a can haƙƙin nan yana da masu shi. A 1967, da matasan baƙar fata na Black Panther suka fara yawo da bindigoginsu bisa doka a California, nan da nan aka yi dokar hana fita da ɗanannar bindiga, Ronald Reagan ya sa mata hannu. A 2016 ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa a Minnesota, baƙar fata mai lasisi, bayan shi da bakinsa ya sanar cewa yana da bindiga. To a dawo gida. Bafulatani makiyayi da ɓarayi suka kore masa shanu, shi ma ɗan Zamfara ne, shi ma yana da rai. Za a ba shi fom? In an ba shi, ya iso shingen 'yan banga da mai baki biyu a kafaɗa da takarda a aljihu, wa zai tsaya karanta takardar?

Ai mun riga mun gwada abin nan, sunansa 'yan sa-kai. Yadda wutar ta ruru ke nan tun farko: ɓarawo ya saci saniya, hukuma ta ƙi zuwa, gari ya tara kuɗi ya sai wa samari makami, samari suka shiga kasuwa suka kama duk mai ɗauke da sanda da goran nono, na daji suka dawo suka rama a kan garin gaba ɗaya. A 'Yar Galadima a Afrilun 2014, taron 'yan banga ne aka auka wa aka yi kisan da har yau ake ba da labari. A Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani 11 a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, ba a jima ba aka shiga kasuwar Goronyo aka kashe sama da 40. Gwamnatocin yankin nan sun haramta 'yan sa-kai ba sau ɗaya ba. Sai ga shi an dawo da su ta bayan gida, an ƙara musu hatimi.

Kuma a daina yi mana kamar yau aka fara maganar. Da Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo a Maris ɗin 2018 ya ce mutane su kare kansu, su wa suka ce dattijo ya zama mai tunzura jama'a, a kama shi? Da jihohin Yarabawa suka kafa Amotekun a 2020, su wa suka yi ta kumfar baki cewa sojan ɓallewa ne? Na adana rubuce-rubucen wasunsu. Su ɗin ne dai suka ce Matawalle jarumi ne, kamar yadda suka ce wa Masari, gwamnan Katsina na lokacin, da ya yi irin wannan kira a 2021, kamar yadda suka yi shiru ranar da Ministan Tsaro na lokacin, Bashir Magashi, ya ce kada mutane su zama matsorata, ana tsakiyar neman yaran Kagara da aka sace. Minista mai rundunoni uku a ƙarƙashinsa yana koya wa ɗan ƙauye jarumta.

Na san tambayar da ake jefowa: to talaka ya miƙa wuya a yanka? Ba wanda ya ce haka, kuma mai tambayar ya sani. Addini da doka duk sun halasta wa mutum kare kansa, mutanen karkara kuma ba su jira fom ba, sun daɗe suna kwana a bakin gari da abin da ya sawwaƙa. Masu wannan tambayar yawancinsu daga Abuja suke yin ta, daga gidan da ɗan sanda ke buɗe musu ƙofa. Tun 2018 Mike Okiro, yana shugaban hukumar kula da aikin 'yan sanda, ya ce sama da 150,000 daga cikinsu suna gadin manya. Mun gan su a filin jirgi riƙe da jakar Hajiya, mun gan su a wurin biki suna korar almajirai daga bakin tanti, bindigar gwamnati a rataye. A kwaso ko kashi ɗaya cikin goma a kai Maru da Shinkafi mana. A'a, wannan zai taɓa Hajiya. Gara fom.

A lokacin, zaɓen Fabrairun 2023 na tafe. Mun san 'yan kalare, mun san sara-suka, mun san abin da suka yi da adda da gora kawai. Tunda gwamnati ta ce za a tantance masu karɓa, kamata ya yi Dosara ya buga mana sunayen mutum 9,500 ɗin masarauta-masarauta, da sunan wanda ya tsaya wa kowanne, a manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma kafin a fara yaƙin neman zaɓe.