Jiragen faiba: Gangar jiki na daɗewa, matsalar tana wajen sauya inji

Tun bayan kifewar jirgin da ya nufi Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Bagwai a jihar Kano a watan Nuwamban shekarar, inda mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, ake kiran a daina amfani da kwale-kwalen katako. Ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya sha jan hankalin jihohi su koma ga jiragen faiba. Shawara ce mai kyau, amma akwai ɓangaren da ba a cika tattaunawa ba: gangar jikin faiba takan fi injinta tsawon rai, don haka dole wata rana a sauya inji.

A nan haɗarin yake ɓuya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, sabon inji irin su Yamaha ya gagari yawancin masu jirage, sai su koma ga na hannu. Kowane jirgi kuwa yana da iyakar nauyi da ƙarfin injin da aka ƙera shi ya ɗauka. Inji mai nauyi kan danne bayan jirgi har ruwa ya riƙa shiga, wanda ƙarfinsa ya zarce ƙa'ida kuma kan wahalar da matuƙi wajen juyawa. Haka nan, bangon baya da ake ɗaura inji a kai galibi katako ne aka lulluɓe da faiba. Idan ruwa ya ratsa ta ramukan kusoshi, katakon zai ruɓe daga ciki alhali waje na sheƙi. Ko tsayin ƙafar inji sai ya dace da bangon, in ba haka ba farfela ba za ta kama ruwa sosai ba.

Wannan aiki ne na ƙwararru, waɗanda kuma suka yi ƙaranci a garuruwan bakin ruwa na Arewa. Mazaunin Palladan zai iya cewa ina ruwansa, tunda Zariya ba ta da babban kogi. Sai dai a hanyar Basawa, kusa da shi, akwai Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, wadda aka kafa a 1986 domin horar da ma'aikatan kowane fannin sufuri. Ita ce ya dace ta haɗa kai da hukumar NIWA wajen horar da kanikawa daga Yawuri, Shiroro da Bagwai, a ba su takardar shaida.

Ya kamata kuma NIWA ta wajabta duba duk jirgin da aka sauya wa inji kafin ya ɗauki fasinja. Idan aka tsaya ga rabon jirage kawai, 'yan kasuwa da ɗaliban da ke ƙetare ruwa za su ci gaba da hawa jiragen da babu wanda ya tantance lafiyarsu.